Yadda ake amfani da na'urar lantarki wajen rage tsamin jiki bayan atisaye

A Jidda da Makka ƙwallo sai dare. Zafin rana ba ya barin kowa ya shiga fili, sai an idar da Isha'i samari suke haɗuwa a filayen haya da na istiraha, a yi ta bugawa har ƙarfe ɗaya ko biyu. A daren wasan lafiya lau ake watsewa. Washegari da yamma jiki ya fara magana, kwana na biyu kuwa sai ka ga mutum yana saukowa daga bene yana dafa bango, sujada ma da ƙyar. Haka yake faruwa da wanda ya koma ɗaga ƙarfe bayan ya daɗe bai je nadi, wato wurin motsa jiki, ba, da wanda ya raka baƙi Jabalun Nur: hawan ba shi ne matsalar ba, saukowar ce take cin cinya.

Yanzu ƙananan na'urorin lantarki masu waya da filastar da ake mannawa a fata sun cika saidaliyyu, wato shagunan magani, irin su Nahdi da Al-Dawaa, ga su nan kuma a Amazon da Noon. 'Yan'uwanmu da dama sun saya. Abin da ke damuna shi ne yadda ake amfani da su: a manna duk inda hannu ya kai, a murɗa ƙarfi har tsoka ta riƙa tsalle, wai sai ya yi zafi yake aiki. Na'urar tana da amfani, amma amfaninta yana da iyaka, kuma gara a san iyakar tun farko. Tana rage zafin da kake ji, tana ba ka damar motsawa da yin barci. Ba ta ɗinke tsokar da ta wahala. Binciken da aka yi ta yi a kan 'yan wasa ya fi nuna cewa mutum yana jin sauƙi a jikinsa, amma ƙarfin tsokarsa ba ya dawowa da wuri fiye da na wanda ya yi tafiyar ƙafa ko ya tuƙa keke a hankali. Wanda ya riƙe wannan zai ci moriyarta, ba kuma zai cutar da kansa ba.

Kafin ka ɗauko na'urar, ka tabbatar tsami ne

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne nauyi. Tsamin jiki na atisaye yana da halinsa. Ba ya zuwa a cikin wasa. Yakan fara ne bayan awa 12 zuwa 24, ya kai maƙura tsakanin awa 24 da 72, sannan ya lafa da kansa cikin kwana 5 zuwa 7. Yana bazuwa a tsokar gaba ɗaya, galibi a ƙafafu biyun, ya fi tsanani idan ka tashi daga zama, ya ɗan saki idan jiki ya yi ɗumi. Dalilinsa ƙananan tsage-tsage ne da ido ba ya gani a zaren tsoka, da kumburin da jiki ke kawowa don ya gyara su. Sun fi yawa idan tsoka tana miƙewa alhali tana ɗauke da nauyi, kamar lokacin taka burki a guje, ko sauke ƙarfe a hankali, ko gangarowa daga dutse. Maganar da ake yawan ji a bakin fili cewa sinadarin laktik ne ya taru a ƙafa ba haka take ba, domin shi jiki yakan share shi cikin awa ɗaya ko biyu bayan an tashi wasa, tun kafin tsamin ya iso.

To, idan zafin ya same ka ne farat ɗaya a tsakiyar gudu, ka ji kamar wani abu ya tsinke, kana iya nuna wurin da yatsa ɗaya, ko wurin ya kumbura ya yi baƙi, ko ba ka iya taka ƙafar, wannan rauni ne, ba tsami ba. Haka targaɗe da ciwon da ke cikin gwiwa ko idon sawu. Waɗannan na likita ne ko likitan gashi, wato mai gashin ƙashi, wanda a nan ake nema a sashen ilaj ɗabi'i. Rufe zafin rauni da lantarki ka koma fili shi ne hanyar mayar da jinyar mako biyu ta zama ta wata biyu.

Abu biyu kuma ba sa jiran gobe. Na ɗaya, sharaɓa guda ta kumbura, ta yi zafi da ɗumi, ɗayar kuwa lafiya, musamman bayan doguwar tafiyar jirgi ko zaman bas daga Madina ko Riyad. Wannan yana iya zama gudan jini a jijiya, kuma sa tsoka ta riƙa matsewa a kansa na iya tura shi huhu. Na biyu, tsami mai tsanani fiye da yadda ka saba, da rashin ƙarfi, fitsari kuma ya yi duhu, launin baƙin shayi. Alama ce tsoka tana narkewa tana zuba cikin jini, ƙoda ce za ta biya. Zafin Hijaz da ƙarancin shan ruwa suna ƙara haɗarin, haka ma ga mai ɗauke da rabin sikila, wato AS, wanda mu Hausawa muna da su da yawa. A hali irin wannan sai sashen gaggawa. Lambar motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilalul Ahmar 997 ce, lambar Ma'aikatar Lafiya ta neman shawarar likita kuwa 937.

Waɗanda ba za su taɓa ta ba

Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ko wata na'urar lantarki a jiki, ya nisance ta gaba ɗaya. Mai farfaɗiya da mai ciwon zuciya sai da iznin likitansu. Mai juna biyu ba za ta sa a ciki ko kwankwaso ba. Ba a sa ta a wurin da ke da ciwon daji. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa, ba ya jin taɓi sosai, shi ma kada ya sa a wurin, don fata za ta iya ƙonewa bai sani ba. Na faɗi wannan ne saboda na'ura ɗaya takan zaga gida: yaro ya saya don ƙwallo, gobe Baba ya ce a sa masa a baya, jibi Hajiya ta ce gwiwarta. Kafin ka miƙa wa babba, ka tambaye shi ciwon da yake da shi.

Ko ga mai cikakkiyar lafiya akwai wuraren da aka hana: gaban wuya da gefensa, inda jijiyar da ke lura da hawan jini take, domin mutum na iya sumewa; kai da ido da baki; ƙirji, musamman a sa ɗaya gaba ɗaya baya wutar ta ratsa zuciya; da duk inda fata ta buɗe. Wanda ya yi ƙaho kwanan nan, wato hijama, ya bari tsagar ta warke sarai.

Sanin abin da ke hannunka

Iri biyu ne, TENS da EMS, ko da yake na'urori da yawa suna haɗa su a jiki ɗaya. TENS da jijiyoyin ji na fata take aiki. Tunanin da aka gina ta a kai na Ronald Melzack ne da Patrick Wall, waɗanda suka wallafa shi a 1965: a cikin laka akwai wata irin ƙofa da saƙon zafi ke bi ya hau ƙwaƙwalwa, kuma saƙon taɓi, da yake ya fi shi sauri, yana iya tare ƙofar. Shi ya sa idan ka buge gwiwar hannu sai ka ga kana murza wurin ba tare da ka yi tunani ba. TENS murzawa ce da ba ta gajiya.

EMS, wasu su rubuta NMES, ita jijiyoyin da ke ba tsoka umarni take taɓawa, ta sa tsokar ta matse ta saki. Ta yi suna ne a shekarun 1970, lokacin da masanin Tarayyar Sobiyet Yakov Kots ya ce ya ƙara wa 'yan wasan ƙasarsa ƙarfi har kusan kashi 40 cikin 100 da ita. Waɗanda suka gwada daga baya ba su samu adadi mai yawa haka ba, amma likitocin gashi har yau suna amfani da ita wajen tayar da tsokar da ta kwanta bayan tiyata. A nan ne ake yin kuskure mafi girma. Shirin ƙara ƙarfi na EMS atisaye ne mai nauyi. Ɗora shi a kan tsokar da ta riga ta yi tsami ƙarin aiki ne a kan aiki. Abin da kake nema shi ne shirin farfaɗowa, mai bugu a hankali.

Wajen saye, ka nemi wadda ke da rajista da Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, mai takardar bayani da Larabci ko Turanci, mai layi biyu wato filasta huɗu, wadda kuma za ka iya canza yawan bugunta da kanka. Beurer da Omron ana samunsu a saidaliyya, Compex ta 'yan wasa ce kuma ta fi tsada. Ka tambaya ko ana samun filastarta daban, don ita ce ke ƙarewa. Bel ɗin nan da ake talla cewa yana narkar da tumbi, ka bar musu kayansu. Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta faɗa ƙarara cewa ba ta amince da ko ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori a matsayin abin rage ƙiba ba.

Shirya fata da manna filasta

Ka yi wanka, ka bari gumi ya tsaya. A Jidda, da damshin tekun nan, mutum yakan fito daga banɗaki yana sake jiƙewa, don haka ka zauna ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ɗan lokaci, ka goge wurin ya bushe ƙayau. Kada ka shafa mai ko basilin, kada ka shafa man zafi ko Voltaren a inda filasta za ta zauna: mai yana hana ta kamawa, man zafi kuma yana ruɗa jin fatar. Idan ka ɗora ƙanƙara, ka jira fata ta dawo da jinta. Mai gashi a cinya ya rage shi da almakashi ko injin aski, kada ya bi da reza a wannan lokacin, don ƙananan yanka za su yi raɗaɗi idan wuta ta ratsa.

Na'urar a kashe take, ka haɗa waya da filasta tukuna, sannan ka manna. Ƙa'idar ita ce filasta biyu na layi ɗaya su zauna a kan naman tsoka guda, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ciwon yana tsakaninsu. Kada su taɓa juna. A bar aƙalla faɗin yatsu biyu, gara ma fiye. Kada a ɗora a kan ƙashi.

Gaban cinya shi ne inda 'yan ƙwallo suka fi kuka da shi, kuma ya fi son manyan filasta masu santimita 5 da 10, don wuta ta bazu ba ta taru wuri ɗaya ba. Ka zauna a kujera, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Ka auna faɗin tafin hannu ƙasa da matsematsi, ka manna ta sama a nan. Ta ƙasa kuma faɗin yatsu huɗu sama da ƙoƙon gwiwa. Idan ka miƙe ƙafa ka ɗaure cinyar, za ka ga wani ɗan tudun nama ya fito a gefen ciki, dab da gwiwa, wani kuma a gefen waje, ya ɗan fi shi sama. Idan za ka sa layi biyun a cinya ɗaya, waɗannan tuddai biyu su ne mazaunin filastar ƙasa. Idan kuma ƙafa biyun ke ciwo, layi ɗaya ga kowace ƙafa.

Bayan cinya: ka kwanta rub-da-ciki, wani ya manna maka ɗaya ƙasa da inda ɗuwawu ya ƙare, ɗaya sama da lanƙwasar gwiwa, kada ta shiga cikin ramin bayan gwiwar. Sharaɓa: ɗaya a kan tudun naman, ɗaya inda naman ya fara sirancewa zai zama agara. Kwankwaso: hagu da dama na ƙashin baya, ba a kansa ba. Bayan ka manna ka bi gefe-gefen da yatsa. Gefen da ya ɗaga shi ke sa ka ji wuta tana cizo a wuri ɗaya.

Saitin da ya dace

Lambobi uku ne a fuskar na'urar. Hz shi ne sau nawa take bugawa a daƙiƙa ɗaya. Wadda aka rubuta µs faɗin kowane bugu ne. Ta ukun ita ce ƙarfi, ita kaɗai ce babu wanda zai faɗa maka lambarta, jikinka ne zai faɗa.

Idan zafi ne ya dame ka, ba ka iya zama ko barci, ka zaɓi TENS mai saurin bugu: 80 zuwa 120 Hz, faɗin bugu wajen 50 zuwa 100. Ka fara daga sifili ka riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya. Da farko ba za ka ji komai ba, sai ka ji kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin filastar. Ka ci gaba har abin ya yi ƙarfi sosai amma bai kai zafi ba, tsoka kuma ba ta matsewa. Nan ne wurin tsayawa. Saiti mara ƙarfi sosai ba ya komai, wannan gaskiya ne, amma mai zafi ma ɓarna ne. Bayan minti biyar zuwa goma za ka ji ya ragu, ba batir ne ya mutu ba, jijiya ce ta saba. Sai ka ƙara kaɗan ya dawo yadda yake. Minti 20 zuwa 30 sun isa, kana iya maimaitawa sau biyu ko uku a yini, kana ba fata hutu a tsakani. Sauƙin ya fi yawa lokacin da take kunne da ɗan lokaci bayan an kashe, don haka ka ajiye ta ga lokacin da ka fi buƙata, kamar kafin kwanciya.

Idan kuwa nauyi da ɗaurewa kake ji, ƙafa kamar ba taka ba, ka koma bugu a hankali: 2 zuwa 10 Hz, faɗin bugu 200 zuwa 250. A nan ana son ka ga tsokar tana harbawa da idonka, ɗif, ɗif, ɗif, kowane bugu a rarrabe, ƙafar kuwa tana kwance ba ta ɗagawa. Wannan harbawar tana taimaka wa jini ya zaga. Shirye-shiryen farfaɗowa da aka riga aka saita a na'urorin 'yan wasa haka suke, suna farawa ƙasa da 10 Hz suna sauka a hankali cikin minti ashirin da wani abu. Ya fi kyau a cikin 'yan awannin farko bayan wasa, ko washegari, kana kwance ka ɗora ƙafa a kan filo. Muddin ka ga tsokar ta ƙulle ta tsaya cak na daƙiƙoƙi, ka shiga shirin ƙara ƙarfi ne, wanda ke bugawa sau 30 zuwa sama a daƙiƙa. Ka kashe ka canza.

Tana aiki kada ka taɓa filastar, kada ka tuƙa mota, kada ka shiga banɗaki da ita, kada ka yi barci da ita a jiki, kada kuma ka yi amfani da ita tana jone da caji. Idan ka ji jiri, ko tashin zuciya, ko bugun zuciya ya canza, ka kashe nan take.

Ka kashe kafin ka ɓare. Ka kama gefen filastar, ba wayar ba. Ɗan ja-ja a fata da ke ɓacewa cikin awa ɗaya ba komai ba ne, amma ƙuraje ko ƙaiƙayi mai daɗewa na nufin fatarka ba ta jituwa da gam ɗin, sai a nemi irin na masu fata mai laushi. Ka mayar da filastar kan ledarta, ka rufe a jakarta. Kada ka bar ta a mota, zafin rana ɗaya a Makka ya isa ya narkar da gam ɗin. Galibi takan yi amfani sau 20 zuwa 30. Idan ta daina kamawa ka saya sabuwa, kada ka ɗaure ta da salatif, kuma kowa ya riƙe tasa.

Rigar lantarki ta minti ashirin

Wuraren motsa jiki da ke sa wa mutum riga mai wayoyi, a kunna wa jikinsa duka wuta yana atisaye, sun yawaita a Riyad da Jidda. Wannan ba maganin tsami ba ne, shi kansa yana kawo tsami, kuma likitoci sun sha ganin narkewar tsoka bayan zaman farko da aka tsananta. A Jamus, inda abin ya fi yaɗuwa, masana sun ba da shawarar cewa sabon shiga kada ya wuce zama ɗaya a mako a makonni takwas zuwa goma na farko, zaman farko kuma ya zama mai sauƙi. Kada ka je jikinka yana tsami, kada ka je da ƙishirwa ko zazzaɓi, kada ka bari mai horarwa ya zuga ka ka jure abin da jikinka ke ƙi.

Abin da ke gyara tsokar, da komawa fili

Gyaran yana faruwa ne a kan katifa da kan faranti. Barcin awa bakwai zuwa tara ake so, wanda na san yana da wuya ga wanda ya tashi wasa ƙarfe biyu, ga Asuba, ga aiki da safe. Idan haka ne ka rama da ƙailula. Bayan wasa ka ci abin gina jiki, laban da dabino, ƙwai, kaza, ko ful da tamis da safe. Ka sha ruwa har fitsari ya yi haske. A gasar unguwanni ta watan Azumi, da ake bugawa bayan Tarawihi, wannan ya fi muhimmanci, domin abin da ka sha tsakanin tashi wasa da sahur shi zai riƙe ka yini guda. Ka yi hattara da haɗiyar Brufen jikinka a bushe, ƙoda ba ta son haɗin nan.

Washegarin wasa kada ka kwanta yini guda. Tafiya ta rabin awa a Kornish bayan Magariba, ko keke, ko iyo, suna yin abin da na'urar ke yi, wani lokaci ma fiye. Ni na fi son a haɗa: TENS na minti ashirin don zafi ya lafa, sannan a fita a taka.

Sai dai kada sauƙin da na'urar ta ba ka ya zama ma'aunin komawa wasa, tunda tsoka mai tsami ƙarfinta a rage yake ko da ba ka jin zafi. Ka gwada kanka da safe, awanni bayan ka cire ta: ka tsuguna ka tashi sau goma, ka sauko daga bene ba dafa bango, ka yi ɗan gudu. Idan ka yi su ba ɗingishi, ka koma atisaye da rabin nauyin da ka saba, ka ƙara a hankali a zama na gaba. Tsokar da ta sha tsami sau ɗaya takan samu kariya ta makonni, aikin da ya kwantar da kai wannan karon ba zai yi maka haka ba a karo na biyu, muddin ba ka sake yin dogon hutu ba. Idan mako ya cika ciwon yana nan, ko yana ƙaruwa maimakon raguwa, ka ajiye na'urar ka je likitan gashi mai lasisin Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya ya duba ka, ka tafi masa da na'urar ya nuna maka mazaunin filasta a jikinka.